Wanne Za Ka Saya Cikin Labaran 'Yan Sandan Garuruwan Ma'aikata na Amurka?

In kuɗinka na littafi ɗaya ne, nemi na K.C. Constantine. Jaruminsa Mario Balzic ne, shugaban 'yan sandan Rocksburg, wani ƙagaggen gari a yammacin jihar Pennsylvania, inda kwal da ƙarfe suka riƙe mutane har aka rufe ma'adinai da masana'antu, aka bar su da bashi da kwalba. Na farko a jerin, The Rocksburg Railroad Murders, ya fito a 1972. Balzic ba mai son rataya bindiga ba ne. Zama yake a mashaya, ya bar mutum ya yi ta zuba shafi biyu, uku, har gaskiya ta kuɓuce masa. Ni da The Man Who Liked Slow Tomatoes na 1982 zan ce ka fara: wani mahaƙin kwal da ya rasa aiki ya ɓace, matarsa na kuka, shi kuwa Balzic yana ta zille wa zaman jayayyar albashin 'yan sanda da hukumar gari. Turancinsa na bakin titi ne, sai da haƙuri.

American Rust na Philipp Meyer, na 2009, ba laifi, amma samari biyu ne suka cinye labarin, ɗan sandan ɗan rakiya ne. Jesse Stone, ɗan sandan littattafan Robert B. Parker, kuwa a garin masu kuɗi yake a bakin teku, ba wurinmu ba.

A kansa ma ka buɗe ido. Parker ya rasu tun 2010, amma ana ci gaba da fitar da littattafai da sunansa ɓaro-ɓaro a bango, ainihin marubucin kuwa can ƙasa da ƙananan haruffa.

Tsofaffin na Balzic wuyar samu gare su, nan 'yan damfara suke laɓewa. Wani mai sayarwa a intanet ya taɓa aiko min da “bugu na farko”. Da na buɗe, kwafi ne aka liƙe da gam, tawadar tana bin yatsa, kuma babin ƙarshe ba ya ciki. Kwana huɗu ina bin labari, ban san wa ya yi kisan ba! Yanzu ba na tura ko sisi sai an nuna min hoton shafin da ke ɗauke da shekarar bugu, da shafin ƙarshe, da ƙashin bayan littafin. Hatimin laburare a ciki ba aibi ba ne, ya ma fi kwantar min da hankali. PDF ɗin da ke yawo a WhatsApp kuwa, wanda na gani layukan hira duk a cakuɗe suke, ga shi Balzic kusan hira ce zalla.