Lambar da ke bayan inji

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kwance inji a Kano kafin in zo Houston, amma ranar da wani tsoho ya sa burushin waya ya kankare bayan injin da na kai masa, kunyar da na ji ban taɓa jin irinta a gareji ba.

Wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar Chevrolet aka ba ni in tayar, bulok ɗinta, wato gangar jikin injin, ya tsage. Na je wajen 'yan gwangwan ɗin nan, na ga inji a rufe, na zagaya shi, na ce samfurin 350 ne, irin wanda nake nema. Haka mai wurin ma ya rubuta a rasit. Na yi odar fistin da ringi, na kwashi kayan sai wurin masu gyaran ramin silinda. Tsohon ko kallon fistin ɗin bai yi ba. Bayan bulok ya nufa, ta ɓangaren direba, inda giyabos ke haɗuwa da inji, ya yi ta gogar baƙin mai da tsatsa har lambobi suka fito, irin waɗanda ake zubo su tare da ƙarfen tun daga masana'anta. Ya buɗe wani littafi da ya sha hannu, ya bi layi da yatsa, ya ce min 305 ne. A gaban yaransa biyu.

Ta waje kusan ba ka iya raba su. Amma faɗin ramin 350 inci 4 ne cif, na 305 kuwa 3.736, fistin ɗina ko kansa ba zai shiga ba. Da ya ga raina ya ɓaci sai ya ja ni wajen wani bulok mai lamba 3970010, wanda ake yawan nema. Ya ce ko wannan lambar ba za ta faɗa maka ƙusa biyu ne ko huɗu ke riƙe kowane murfin kiranshaf ba, sai ka buɗe ƙasa ka gani da idonka. Ya nuna min ranar zubi: harafi na wata, A Janairu, B Fabrairu, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara. Nawa C 14 8 ne, wato 14 ga Maris, 1978.

Na koma wajen 'yan gwangwan da shirin rigima. Mutumin ya dubi hoton lambar a wayata, ya mayar min da kuɗina. Ba rantsuwa, ba taro. 'Yan'uwa, ku tuna yadda ake yi da mu a kasuwar kayan gyara: wallahi ɗan Beljiyam ne, kaya sun fita ba sa dawowa. Laifin kuma har da namu bakanikai. Injunan Toyota da Fijo da muke kwancewa kullum duk suna ɗauke da shaidarsu a jiki, mu kuwa sai mu ƙwanƙwasa da sufana mu ce lafiya lau. Yaro ya shekara biyar a ƙarƙashinmu, ba mu taɓa ce masa ya goge ya karanta ba.

Sai dai jiran nan na kashe ni. Da na samo bulok na gaskiya na kai wa masu gyaran ramin silinda, mako uku aka ce in dawo, ba lallami, ba "Oga taimaka", kuma kowace awa a lissafe take. A Kano da safe zan ɗora shi a kura, in zauna wajen mai shayi muna hira, kafin la'asar yaro ya turo min shi. Yau kwana goma sha biyu ke nan, motar tana kan jak, mai ita kuma kullum sai ya kira.