Lamba biyu a kan idon sawu ɗaya: aunin sauri da aunin sannu-sannu

Maman Sadiq daga Ƙofar Sauri ta yi tambaya jiya. Ɗanta ɗan shekara 4 yana da larurar ƙanƙamewar gaɓoɓi da raunin ƙwaƙwalwa ya jawo, bayan shawara mai tsanani a makon haihuwa, kuma a kan yatsu yake tafiya. A sashen gashin ƙashi na asibiti an auna motsin idon sawunsa sau biyu, aka rubuta a kati: digiri 15 ƙasa da sifili, sannan 10 sama da sifili. Wanne ne daidai?

'Yar'uwa, dukansu daidai ne, abu biyu daban aka auna.

Sifili shi ne tafin ƙafa ya daidaita da ƙwauri kamar mutum na tsaye a ƙasa. Mai lafiya yana ɗaga tafin sama har digiri 20, yana miƙe shi ƙasa kusan 50. Tafiya kuwa kusan 10 kawai take buƙata a sama. Cinya kuma tana buɗewa gefe zuwa 45.

Aunin sauri: mai gashin ƙashi ya tura tafin sama farat ɗaya, naman sharaɓa ya cije, a rubuta inda ya cije. Wannan yana nuna yadda ƙwaƙwalwa ke sa naman ya ɗaure in an fizge shi. Aunin sannu-sannu: a tura a hankali, yaro a natse, har ƙafar ta kai iyakarta. Wannan ne ainihin tsawon naman da agara.

Tazarar tsakaninsu nake fara dubawa. Ta Sadiq 25 ce, daga 15 ƙasa da sifili a aunin sauri zuwa 10 sama da sifili a na sannu-sannu, kuma na yi murna da hakan. Naman bai gajarce ba tukuna, ɗaurewa kawai yake yi, don haka miƙa ƙafa kullum, takalmin roba mai riƙe idon sawu, da allurar sassauta nama in likita ya ga dacewa, duk suna da amfani. Da a ce lambobin biyu sun tsaya kusa da juna a ƙasa da sifili, to naman ya riga ya gajarce. A nan tausa ba ta wadatarwa, sai a shiga maganar ɗaure ƙafar da simintin asibiti da ake sauyawa mako-mako, wani lokaci ma aikin tsawaita agara.

Don Allah kada a danna ƙafar da ƙarfi a gida wai don lambar ta ƙaru. Ƙashin yaran da ba sa yawan tsayuwa ba shi da ƙwari, yana iya karyewa.

In kin koma, ki roƙa a auna buɗewar cinya ma. In ta gaza 30, ko ƙafafun suna sarƙewa kamar almakashi, a ɗauki hoton ƙugu, domin kan ƙashin cinya yakan zame daga gurbinsa a hankali, yaro bai ce uffan ba. Ki riƙe katin nan da kyau, da shi za a gwada aunin wata 6 masu zuwa. Allah ya ba Sadiq lafiya.