Kafin ka biya kuɗin kujerar gem mai zanen gwaninka

Idan aka ajiye maka kujeru biyu na kamfani ɗaya, ɗaya baƙa wuluk ba ado, ɗaya kuma da tambarin Batman a bayanta, in dai samfurinsu ɗaya ne to cikinsu ma ɗaya ne. Ƙarfen bai canja ba, soson bai canja ba, haka tayoyin. Bambancin a fata yake: launi, ɗinkin ado, da kuɗin lasisin da kamfanin ya biya masu haƙƙin mallakar sunan. Ban faɗi haka don in rage wa mai son zane armashi ba. Wanda ya taso yana kallon Naruto, ko yake raba dare a kan League of Legends, ya cancanci ya ga abin da yake ƙauna a ɗakinsa, kuma wasu kujerun an zuba musu aikin da ido ba ya gajiya da kallo. Sai dai da zarar ka zauna, zanen ya koma bayanka. Abokinka da ya shigo ne zai gan shi. Kai abin da za ka ji shi ne taurin soso, zafin fata, da halin da kwankwasonka yake ciki bayan awa huɗu. Don haka a fara da jiki, a duba yanayin ɗaki, sannan a zo kan zane.

Siffar nan ta kujerar motar tsere da kowa ya sani, kamfanin DXRacer ne ya shigo da ita kasuwa a 2006, kuma kafin nan kujerun mota yake ƙerawa. Wannan asali yana da muhimmanci ga mai saye. Tudun nan biyu da ke gefen cinya da gefen kafaɗa an yi su ne don su riƙe direba idan ya sha kwana da gudu. A gaban tebur babu kwanar da za ka sha. Ga siririn mutum ba su da wata illa sosai, amma mai faɗin jiki za su matse masa cinya, su turo masa kafaɗa gaba. Da yawa daga cikinmu kuma mun saba naɗe ƙafa ɗaya ko mu tanƙwashe duka biyun a kan kujera, kuma mazauni mai dogon tudu a gefe ba ya barin haka. Manyan kamfanoni sun gane wannan, shi ya sa sababbin samfuransu suka fi shimfiɗa da faɗi, yayin da masu araha har yanzu suke kan tsohuwar siffa.

Wa ke yin me

Wajen yawan zane babu wanda ya kamo Secretlab. Wasu matasa biyu, Ian Ang da Alaric Choo, waɗanda suka yi gasar wasan StarCraft II, su suka kafa shi a Singafo a 2014. Samfurinsu da ya fi shahara shi ne TITAN Evo, wanda ya fito a 2021, kuma a kansa ake ɗora yawancin zanukan: Batman, Star Wars, Harry Potter, Minecraft, Cyberpunk 2077, Valorant, da na zanen Japan irin su Naruto da Attack on Titan da Demon Slayer. Abin da ya fi burge ni a wannan kujera ba zanen ba ne. Tana zuwa da girma uku. Ƙarama ta wanda bai kai santimita 170 ba ce, matsakaiciya ta mai 170 zuwa 189, babba kuma ta dogo ko mai jiki, tana ɗaukar har kilo 180. Madogarar kwankwaso a cikin majinginar take, da maɓalli biyu a gefe, ɗaya na ɗaga ta sama ko ƙasa, ɗaya na turo ta gaba. Matashin kai da maganaɗisu yake mannewa, ba igiya. Tana kwantawa baya har digiri 165. Aibinta guda da masu amfani da ita suke yawan ambata shi ne tauri. Wanda ya saba da kushin mai lotsawa zai ɗauki lokaci kafin ya saba. A lura kuma, ba kowane zane ake yi a duka girma ukun ba. Idan gwaninka bai zo a girmanka ba, ka haƙura da shi, kada ka tilasta wa jikinka kujerar da ba tasa ba. Farashinta a Amurka ya haura dala 500, masu zane kuma sun ɗara marasa zane tsada.

Kamfanin Razer yana da wani darasi da ya kamata mai son zane ya sani. Kujerarsu Iskur ta 2020 ta yi suna ne saboda madogarar kwankwaso da ake turowa gaba yadda mutum yake so. Amma da suka tashi yin mai zanen Genshin Impact da ta Hello Kitty, a kan Iskur X suka ɗora su, wato ƙaramar 'yar'uwarta mai rahusa, wadda ba ta da wannan madogarar mai motsi, hannayenta ma ba su da yawan motsi kamar na babbar. Ba yaudara ba ce, a rubuce yake a bayanin kaya. Sai dai mutum yakan ga suna da zane ya ɗauka babbar ce. Kullum ka tambayi kanka: wane samfuri ne a ƙarƙashin wannan zanen? Ka nemo bayanin samfurin marar ado, ka karanta shi shi kaɗai, ka ga ko za ka saye shi a haka. Razer na da Enki kuma, mai faɗin mazauni, wadda ta fi dacewa da mai son naɗe ƙafa.

Kamfanin noblechairs na Jamus ya fi karkata ga natsattsen ado. Samfurinsu HERO yana da madogarar kwankwaso a ciki, kuma an yi shi da zanen Fallout, DOOM, Skyrim, Darth Vader da Iron Man. Su ma da tauri. AndaSeat sun yi na jaruman Marvel da na Transformers, kuma Kaiser 3 ɗinsu ta yi suna wurin masu jiki saboda faɗinta. Masu kallon ƙwallo ma ba a bar su a baya ba, akwai kujeru masu lasisin ƙungiyoyin Ingila irin su Arsenal da Liverpool, amma yawancin waɗannan a sahun masu rahusa suke, don haka a duba ƙarfensu da kyau.

Can sama kuma akwai Herman Miller, tsohon kamfanin kujerun ofis na Amurka, wanda ya haɗa gwiwa da masu kayan kwamfuta Logitech G a 2020 suka fitar da Embody ta 'yan gem a kan dala 1,495. Ba ta kama da kujerar mota ko kaɗan, ba ta da matashin kai, ba ta kwantawa shimfiɗe, kuma ba za ka sami hoton wani jarumi a jikinta ba. Abin da take da shi shi ne majingina mai bin motsin gadon baya da garantin shekara 12. Wanda aikinsa da wasansa duk a kujera ɗaya suke, kuma aljihunsa zai ɗauka, a nan ya kamata ya fara dubawa.

Fata, yadi ko raga

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin a nan ne mai saye daga ƙasashenmu ya fi yin asara. Yawancin kujeru masu zane da fatar roba ake rufe su, saboda ita ce ta fi karɓar launi da ɗinki. Wannan fata ba ta shan iska. Masu gwada kujerun da kake gani a YouTube galibi a ɗaki mai sanyi suke. Kai kuwa idan a Kano kake ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, ga wuta ba tabbas, to rabin awa ya isa rigarka ta manne da majingina. Ba rashin daɗi kaɗai ba ne matsalar. Gumi da zafi da danshi su ne ke cinye fatar roba. Takan fara da ƙananan tsagu a bakin mazauni, daidai inda bayan cinya ke gogawa, da kuma wurin da ƙeya ke taɓawa idan ana shafa mai a kai. Daga nan sai ta fara ɓarewa, ka tashi ka ga baƙaƙen ɓurɓushi a wando da kan darduma. Mai kyau takan jima kafin ta kai haka, mai araha kuwa ba ta ɗaukar lokaci. Idan ta fara, babu man da zai mayar da ita.

Yadi ya fi sauƙin zafi nesa ba kusa ba. Secretlab suna kiran nasu SoftWeave Plus, kuma wasu zanukan a kansa ake yi, misali na Minecraft. Matsalar yadi ita ce ƙurar hunturu da kuma abin da ya zube, shayi ne ko miya. Mai sha'awar farar kujera ko ruwan hoda ya yi tunani sau biyu, ko kuma ya tanadi zanin rufe ta duk lokacin da ya tashi. Fata ta gaske tana daɗewa idan ana kula da ita, amma tsadarta ta yi yawa, kuma da wuya ka ga zanen fim a kanta. Raga ita ce sarauniya a lokacin bazara, iskar fanka na ratsa ta har bayanka. Aeron ta Herman Miller tun 1994 take a kasuwa da wannan tsari, Razer ma sun fitar da Fujin a 2023. Abin takaicin shi ne raga ba ta ɗaukar ɗinkin ado, don haka mai son zane ba shi da zaɓi sosai a nan.

Akwai hanyar tsakiya da nake ganin ta fi hankali ga mutane da yawa. A 2022 Secretlab suka fito da rigar kujera da suke kira Skins, wadda ake sanya wa TITAN Evo ta zauna cif kamar da ita aka ƙera ta, ana kuma cire ta a wanke. Ka sayi kujera marar ado, ka sa mata rigar zanen da kake so. Abin da ke burge mutum yana da shekara ashirin ba lallai ne ya burge shi yana da ashirin da biyar ba, kuma canja riga ya fi canja kujera sauƙi.

Abin da ke ƙarƙashi

Ka kifa kujerar, ko ka sa mai sayarwa ya ɗauko maka bidiyon ƙasanta. Sandar da ke ɗaga ta sama da ƙasa tana da daraja-daraja. Nemi mai lamba 4, galibi a buge take a jikin ƙarfen. Ƙafar nan mai yatsu biyar ta zama ta alminiyam ko ƙarfe, musamman ga mai nauyi. Ka danna soson da tafin hannu da ƙarfi: idan ka ji katako ko ƙarfe a ƙasa, to nan da 'yan watanni shi za ka riƙa zama a kai. Idan an rubuta cewa ta cika ƙa'idar BIFMA, wato gwajin ƙarfi da ƙungiyar masu ƙera kayan ofis ta Amurka ta tsara, alama ce mai kyau, in dai kamfanin sananne ne. Sannan ka zauna. Tafin ƙafarka ya taka ƙasa sosai, yatsu biyu ko uku su shiga tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwarka, hannayen kujerar kuma su iya yin daidai da tsayin teburinka ba tare da ka ɗaga kafaɗa ba.

Sai batun kawowa. Kwalin irin waɗannan kujeru yakan wuce kilo 30, ga girma, kuma masu dakon jirgin sama suna lissafi da girman kwali ba nauyi kaɗai ba. Ta ruwa ya fi sauƙi amma sai an yi haƙurin makonni. Ka haɗa kuɗin dako da na kwastan kafin ka yanke shawara, domin su ne ke sauya lissafin gaba ɗaya. Garanti ma abin tambaya ne. Secretlab na ba da shekara 3, su ƙara zuwa 5 ga wanda ya wallafa hoton kujerarsa, amma irin wannan alkawari yakan tsaya ne a ƙasashen da kamfani ke sayarwa da kansa. Ka rubuta musu ka tambaya ko zai yi aiki a inda kake, da kuma wanda zai biya dakon kayan gyara. Masu zane suna da ƙarin matsala ɗaya: lasisi yana ƙarewa, kuma idan an daina yin zanen, samun majingina ko mazauni irin naka zai yi wuya.

Jabu kuwa sun cika kasuwa. Ta gaske za ka ga adon ɗinki ne da zare mai kauri, layukan sun miƙe, kuma sunan masu haƙƙin mallaka yana jikin kwali ko takardar da ke ciki. Ta jabu hoto ne aka buga a kan fata, wani lokaci har fuskar jarumin ta karkace, farashin kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na ta gasken ba. Hoton talla ba hujja ba ne, domin daga shafin kamfani ake kwaso shi. Ka nemi bidiyon ainihin wadda za a ba ka.

Idan ɗakinka na da sanyi kuma zanen ne burinka, TITAN Evo ko HERO a girmanka ba za su ba ka kunya ba. Idan fanka kake dogaro da ita, ka tsaya a kan yadi ko raga ko da zanen da kake so bai zo a kansu ba. Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, ni dai ba zan tura shi ga jabu ba. Gara ya nemi kujerar ofis ta gwanjo mai lafiyayyen ƙarfe, ya kai wa mai ɗinkin kushin ya sake mata soso da yadi mai launin da yake so, zanen gwaninsa kuma ya sa shi a matashin kai, da shimfiɗar tebur, da bangon da yake fuskanta. Kafin ya biya mai gwanjo, ya ɗaga kujerar har ƙarshe ya zauna minti goma, ya ga ko sandar tana sauka da kanta.