Kajijin da na sayo a bakin fadamar Kwalkwalawa

Shekara takwas ke nan ina haɗa turaren wuta a gida, nan unguwar Mabera a Sakkwato, kuma duk tsawon lokacin busasshen kajiji nake saye a kasuwa. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuwa sai kin daka shi a turmi ki ji ƙamshin ya gudu, sai ƙura da warin buhu. Shi ya sa da ƙanena ya ce ya ga wani dattijo yana sayar da dashen itatuwa a hanyar Kwalkwalawa, kusa da gulbin Rima, har da kajiji ɗanye mai saiwa, ban yi wata-wata ba na ce ya kai ni.

Wurin ba shago ba ne. Rumfar zana ce, an jera ledojin dashen mangwaro da gwaiba da zogale a gabanta. Kajijin yana can baya cikin wani rami da ruwa ke kwanciya. Ga wanda bai taɓa ganinsa a tsaye ba: ba shi da faffaɗan ganye irin na sauran haki, kara ne zagayayye, kore shar, tsaye kamar ganyen albasa, wani ya kai mini ƙirji. Idan kika murza karan tsakanin yatsu za ki ji gaɓa-gaɓa a ciki. A can samansa akwai 'yan furanni masu ruwan ƙasa. Abin da muke nema dai yana ƙarƙashin laka.

Baba ya naɗe wando ya shiga ramin, ya sa hauya ya ɓanɓaro dunƙule guda, ya wanke, ya karya saiwa ɗaya ya miƙo mini. Ƙamshin da ya bugi hancina ban taɓa jin irinsa a na kasuwa ba, mai sanyi, da ɗan yaji-yaji a ƙarshe. Ya ce, "Ɗiyata, wanga haki ba shi son inuwa, ba shi son ƙishirwa. Ƙahwa cikin ruwa, kai cikin rana." Na sayi dunƙule uku, ya ƙara mini rabin buhun laƙar fadama bai karɓi ko kwabo a kanta ba. A nan kam ya kyauta, don rairayin gidanmu ba ya riƙe ruwa ko na awa ɗaya.

Inda muka saɓa shi ne tukwanen. Ya sayar mini da tukwanen ƙasa biyu masu huda a gindi, irin na fulawa, ya ce sun isa. Ba su isa ba. A watan Afrilu nake magana, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ruwan da na zuba da safe kafin azahar ya tsiyaye, tukunyar ma tana shan nata. Cikin kwana goma bakin karan ya fara ƙonewa. Mutumin da ya ce ƙafa cikin ruwa bai kamata ya ba ni abin da ke zubar da ruwa ba. Na juye su cikin tsohon bahon wanki na roba marar huda, laka ta kai rabi da ɗan tsohon takin awaki, na binne saiwoyin kamar zurfin ɗan yatsa, na cika ruwa har ya ɗara laƙar kaɗan. Sati biyu sai ga sabbin tsiro suna hudowa kamar allura. Jarka ɗaya ta mai ga-ruwa tana yi mini kwana uku a bazara, da damina ta sauka kuwa na manta da zancen ban-ruwa.

Abu na biyu, ɗaya daga cikin dunƙulen ya zo da aya-aya a cakuɗe. 'Yan gida ɗaya ne, da su da ayar da muke ci, amma ita aya-aya ba ta da kunya, sai da na yi wata biyu ina tsince ta. Duk mai zuwa saye ya sa a wanke masa laƙar a gabansa ya duba da kyau.

Sai sauro. Ruwan da ke kwance a tsakar gida gayyata ce, maigidan ma ya yi ta mita. Yanzu duk bayan kwana huɗu ko biyar ina barin ruwan saman ya ƙafe, laƙar ta tsaya da danshi, sannan in sake cikawa. Kajijin bai nuna ya damu ba.

Da hunturu ya shigo na kife bahon. Saiwoyin sun cika shi taf, sun sarƙe har sun ɗauki siffar bahon. Na ware kashi ɗaya cikin uku na mayar cikin sabuwar laka, tunda ba ya mutuwa, daga saiwa yake sake tashi kowace shekara. Sauran na wanke, na shanya a inuwa. Bai kai abin da zai rufe sana'ata ba, har yanzu ina ƙarawa da na kasuwa, amma kwalbar da na haɗa da shi zalla ita ce wata amarya a Arkilla ta aiko a ƙaro mata.

Zan koma wurin Baba in ɗauko dunƙule biyu don gidan yayata, da bahona a hannu.