Proton Mail: wasiƙar a kulle take, amma ambulan ɗin a fili

Na buɗe akwatin imel a Proton Mail a 2022, kuma ba don ina ɓoye wani laifi ba. Aikin fassara nake yi, mutane na turo mini takardun kwangila, sakamakon asibiti, wani lokaci har hoton fasfo. Hankalina ya kasa kwanciya da cewa duk wannan yana ajiye a hannun kamfanin da zai iya karantawa in ya ga dama.

A wannan fannin ba ni da ƙorafi. Kamfanin na Suwizalan ne, wasu masana kimiyya da suka haɗu a cibiyar binciken kimiyya ta CERN suka fito da shi a 2014, Andy Yen ke shugabantarsa. Saƙon da ke cikin akwatina a kulle yake da mabuɗin da kalmar sirrina kaɗai ke buɗewa, su kansu ba sa iya karantawa. In na rubuta wa mai Proton irina, saƙon yana kulluwa tun a wayata, ba ya buɗuwa sai a tasa. In mai Gmail ne, ina iya sa wa saƙon kalmar sirri, in faɗa masa ta wata hanya daban. Ba talla ko ɗaya a shafin. Binciken kalma a cikin tsofaffin saƙonni ma a kan kwamfutata ake yinsa, sai da na jira ta sauke su tukuna. Wannan jiran ya ƙara mini yarda, domin da suna iya bincika mini daga can, ai suna iya karantawa ke nan.

Sai dai akwai ɗan hoton kwaɗo kusa da sunan duk wanda ya aiko saƙo, kuma na yi wata da watanni ban kula cewa ba iri ɗaya ba ne. Ranar da na ɗora kibiyar linzami a kai na gane. Kusan duk masu turo mini aiki daga Gmail suke rubutowa. Saƙonsu yakan iso a buɗe, a bakin ƙofa ake kulle shi a ajiye, kuma kwafinsa na nan zaune wajen Google. Ashe rabin sirrin da nake tinƙaho da shi yana hannun mutanen da ba su taɓa jin sunan Proton ba.

Kan saƙo ma, wato layin da ake rubuta batu, ba ya cikin kullin da ni kaɗai ke buɗewa. Haka adireshin mai aikawa da na mai karɓa, da lokacin da aka aika. Kotu na iya neman waɗannan, kuma za a ba ta.

An sha bayarwa kuwa. A Satumbar 2021 ta fito cewa 'yan sandan Faransa, ta hanyar Europol, hukumar haɗin gwiwar 'yan sandan Tarayyar Turai, sun samu hukumomin Suwizalan sun umarci Proton ya fara rubuta lambar IP, wato lambar da ke nuna ta inda na'ura ta shiga intanet, ta wani ɗan fafutukar sauyin yanayi, daga cikin waɗanda suka mamaye wasu gine-gine a birnin Faris. Ya rubuta, ya miƙa. Kafin nan shafinsu na cewa ba sa ajiye irin wannan lamba, bayan nan suka gyara maganar. Bayanin da suka yi gaskiya ne: ba sa amsa wa gwamnatin waje kai tsaye, dokar ƙasarsu ma ta hana, amma in umarni ya fito daga hukumar Suwizalan ba su da mafita. Duk shekara suna wallafa adadin umarnin da suka samu, dubbai ne, kuma mafi yawa suna bi. Na yaba da wallafawar. Abin da ban yaba ba shi ne sai da aka kama mutum kafin tallan ya daidaita da gaskiya.

Wanda ya fi girgiza ni shi ne na 2024. 'Yan sandan Sifaniya na neman wani da suke zargin yana da hannu a fafutukar 'yancin Kataloniya. Proton ba shi da sunansa, ba shi da abin da ke cikin saƙonninsa. Abin da yake da shi shi ne adireshin imel na biyu da mutumin ya sa da hannunsa don dawo da akwati in ya manta kalmar sirri. Adireshin na iCloud ne, imel ɗin kamfanin Apple. Daga nan aka nufi Apple, zaren ya warware.

Ina karanta labarin na shiga saitin akwatina. Ga shi nan kuwa, tsohon adireshina mai ɗauke da cikakken sunana da shekarar haihuwata. Ni na rubuta shi, cikin sakan goma, ranar da na yi rajista.

Ba halin Proton kaɗai ba ne. Tutanota na Jamus, wanda yanzu ake kira Tuta, yana kulle har kan saƙo, amma a 2020 wata kotu a Kolon ta umarce shi ya sa ido a kan wani akwati, ya kwafi saƙonnin da ke shigowa ba a kulle ba. Wanda ya gwammace rufe ƙofa shi ne Ladar Levison, mai kamfanin imel na Lavabit, inda Edward Snowden, wanda ya fallasa sirrin leƙen asirin Amurka, ke da akwati: ya rufe kamfanin a Agustan 2013 bayan gwamnatin Amurka ta nemi mabuɗinsa. Ba na tsammanin kamfani mai ma'aikata ɗaruruwa zai rufe ƙofa saboda ni, kuma ba zan ga laifinsa ba.

To, wa zan ce ya buɗe? Mai irin aikina, lauya, likita, duk wanda damuwarsa ita ce 'yan kutse da 'yan talla, ya buɗe, zai ji daɗinsa. Ɗan jarida ko ɗan fafutukar da gwamnati ke bibiya kuwa, kada ya ɗauka buɗe akwatin ya isa. Proton na da shafi a Tor, tsarin shiga intanet da ke ɓoye inda mutum yake, ta nan ya kamata ya riƙa shiga tun ranar farko, kada ya sa lambar waya, kada ya biya da katin banki mai sunansa.

Ni dai na goge wancan adireshin, na karɓi kalmomi 12 na dawo da akwati na rubuta a takarda. Masu turo mini fasfo kuma na roƙe su su daina rubuta sunan mai fasfon a kan saƙo. Mutum biyu ne kawai suka ji.