Na sa ZAP ya kai wa shafina hari

Shafin nawa na intanet ɗan ƙarami ne: wurin rajista, akwatin bincike, sai fom na aiko da saƙo. Ni na rubuta shi da PHP, kuma na daɗe ina ganin ba wanda zai ɓata lokacinsa a kansa. Ran nan na buɗe rikodin masu ziyara, na tarar da wasu adireshi suna ta neman wp-login.php, wato ƙofar shiga ta shafukan da aka gina da manhajar WordPress, dare da rana, alhali ko WordPress ba na amfani da shi. Ashe manhajoji ne ke yawo suna murɗa kowace ƙofa, ko za su dace da wadda aka manta ba a kulle ba. Abin da ya sa na sauke ZAP ke nan, manhajar da ke binciko raunin tsaro a shafukan intanet.

Kyauta ne, kuma tun 2010 yake, lokacin da Simon Bennetts ya fara shi. Ya daɗe a ƙarƙashin OWASP, wata ƙungiya mai aikin inganta tsaron manhajoji, shi ya sa har yau wasu ke ce masa OWASP ZAP. Da Java yake aiki. Ranar farko allon ya ɗan rikita ni, amma akwai Quick Start: ka zuba adireshin shafi, ya bi duk mahaɗan da ya gani, ya jero maka matsaloli da tutoci, ja ga mai haɗari sosai, shuɗi ga abin da sanarwa ce kawai.

A nan na tafka wauta. Bincikensa iri biyu ne. Akwai na kallo, wanda yake duba abin da ke wucewa tsakanin burauza da saba (kwamfutar da shafin ke kai) ba tare da ya taɓa komai ba. Akwai kuma Active Scan, shi wannan hari ne na gaske. An rubuta gargaɗin ƙarara, ni ne ban tsaya karantawa ba, na sake shi a kan shafin da mutane ke ciki. Kafin in ankara fom ɗina ya turo mini ɗaruruwan saƙonnin shirme, teburin rajista ya cika da sunayen da ba na mutane ba. Yini guda na yi ina shara. Yanzu kwafin shafin nake ɗorawa a kwamfutata in gwada a can, kuma ba na kai shi shafin wani sai da izininsa.

Amma fa ya biya ni. Jar tuta ɗaya ta fito a akwatin bincike. Na latsa, ya nuna mini ainihin abin da ya tura, alamar ' guda ɗaya tak, da amsar da ta dawo: kuskuren MySQL ɓaro-ɓaro. Wato duk abin da baƙo ya rubuta yana shiga umarnin rumbun bayanai kai tsaye. Gumi ya karyo mini. A daren na sauya layukan zuwa PDO, wata hanyar da PHP ke magana da rumbun bayanai, yadda umarni ke tafiya daban, rubutun baƙo daban. Na sake gwaji, tutar ta ɓace.

Sauran yawanci ƙanana ne, irin su kukis (ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza) da babu HttpOnly da rashin Content-Security-Policy, duka biyun saitin tsaro ne. Wasu kuma da na bi diddigi ba komai a ciki.

Abin da bai kamata ka jira daga irin wannan manhaja ba shi ne ta san wane ne ya cancanci ganin me. Da hannuna na canza lambar da ke ƙarshen adireshin shafina daga 14 zuwa 15, sai ga bayanan wani mai rajista a gabana. Wannan nake gyarawa yanzu.