Tsohon kan jirgin da har yanzu yake hawa tsaunukan Nilgiri

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Waɗanda suka san ina zaune a Coimbatore, cikin jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, sukan tambaye ni labarin asibitoci da kuɗin makaranta da tsadar abinci, kuma ina ba da amsa daidai gwargwado. Wannan karon labarin jirgin ƙasa zan kawo muku, domin abin da na gani a hanyar tsaunukan Nilgiri ya tsaya mini a rai fiye da duk manyan gine-ginen da ake kai baƙo ya gani a ƙasar nan.

Jirgin yana tashi da misalin ƙarfe bakwai na safe daga Mettupalayam, gari mai zafi a gindin tsauni wanda tudunsa bai wuce mita 330 daga teku ba, ya isa Ooty wajen tsakar rana, inda tudun ya haura mita 2,200. Nisan duka kilomita 46 ne, amma sai an shafe kusan awa biyar a hanya. Wanda ya saba da jirgin Abuja zuwa Kaduna zai ce wannan ai ɓata lokaci ne, sai dai idan ya ga irin hawan da ake yi zai janye maganarsa. A wurin da hawan ya fi tsanani, duk tafiyar mita 12 sai layin ya ɗaga sama da mita ɗaya. Ga mota wannan ba wani abu ba ne, amma ga jirgin ƙasa babban al'amari ne, saboda ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe santsi gare ta. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wannan santsin alheri ne, domin ƙarfin 'yan kilo kaɗan ya isa ya ja tan guda na kaya. Da zarar an shiga irin wannan hawa, kowane tan sai ya nemi ƙarin ƙarfin da ya kai kilo 83, kuma idan raɓa ta sauka ko jiƙaƙƙen ganye ya faɗi a kan layi, ƙafafun sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya jirgin bai motsa ba.

Dabarar da aka yi ita ce, daga tashar Kallar zuwa Coonoor, tafiyar kusan kilomita 19, an shimfiɗa wasu sanduna biyu masu haƙora a tsakiyar layin, an goce haƙoran ɗaya daga na ɗayan, ta yadda ko da yaushe akwai haƙorin da yake riƙe. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Roman Abt ne ya ƙirƙiro wannan tsari. A ƙarƙashin kan jirgin kuma, wanda injin tururi ne, akwai gargare masu haƙora da suke shiga cikin na layin. Silinda huɗu gare shi, wato bututan da tururi yake shiga ya ba da ƙarfin juyawa: biyu suna juya ƙafafun da kowa ya sani, biyu kuma suna juya masu haƙoran, da tururin da biyun farko suka riga suka yi aiki da shi. Ana isa Kallar mutum zai ji sautin injin ya canja, ya yi nauyi, ya koma wani irin huci mai tsari, kuma daga nan gudun ba ya wuce kilomita 13 a awa.

Kan jirgin ba a gaba yake ba. Yana can baya, ta ɓangaren gangara, yana tura taragun sama, domin ko da ƙugiyar da ta haɗa su ta tsinke, a jikinsa za su jingina. Kowane tarago kuma yana da nasa mai birki da yake tsaye a barandar gaba da tutoci, kore da ja, yana miƙa wa na bayansa alama har ta isa wurin direba. Akwai kuma wata matsala da injin tururi kaɗai yake fama da ita a hawa. Ruwan da ke cikin tukunya yana bin karkatar ƙasa, kuma dole rufin akwatin wuta ya kasance a cikin ruwa kowane lokaci, in ba haka ba ƙarfen ya yi laushi, tukunya ta fashe. Shi ya sa ake fuskantar da bututun hayaƙi sama, ruwan ya taru ta wajen wuta, kuma idon mai kula da wuta ba ya barin gilashin awon ruwa.

Duk wannan mutum yana iya karanta shi a littafi. Abin da ya kama ni a tashar Hillgrove ya faru, inda ake tsayawa a ba injin ruwa. Fasinjoji suka sauka shan shayi, birai suka sauko daga itatuwa suna fizgar abinci a hannun wanda ya yi sake, ni kuwa na gangara baya wurin injin. Ma'aikata uku na tarar a kansa. Ɗaya yana riƙe da bututun ruwa a saman tanki, ɗaya yana bin gaɓoɓin ƙarfen ɗaya bayan ɗaya da gwangwanin mai mai dogon baki, na ukun kuma, dattijo mai furfura, yana ɗora bayan hannunsa a kan kowace mahaɗa don ya ji ko ta yi zafi. Da ya zo kan wata sai ya tsaya, ya sake taɓawa, ya kira mai gwangwanin ya ƙara mata mai, sannan ya ciro tsumma daga aljihu ya goge abin da ya zubo. Babu shugaban da yake tsaye a kansu, kuma babu wanda yake kallonsu in ban da ni da wani tsoho da muka zo a tarago ɗaya.

Tsohon nan ya tambaye ni ƙasata, na ce Najeriya. Fuskarsa ta washe, ya ce shi ma aikin jirgin ƙasa ya yi har ya yi ritaya, kuma yana tune da lokacin da aka tura abokan aikinsa ƙasarmu. Gaskiya ya faɗa, domin tsakanin 1979 da 1982 ƙwararru daga Indiya aka ɗauko suka gudanar da harkar jiragen ƙasa ta Najeriya. Daga nan ya yi mini tambaya da zuciya ɗaya, ya ce a cikin tsofaffin injunanmu na tururi guda nawa ne suke aiki har yanzu, kuma a wane layi ake hawa da su. Na ce masa, “Baba, rabona da jin labarin wanda yake tashi an daɗe.” Bai ce komai ba, ya gyaɗa kai kawai, amma kunyar da na ji a wurin ba ta sake ni ba har muka isa Ooty.

Ban ce tafiyar daɗi ce zalla ba. Kujerun ƙanana ne, gwiwarka tana gugar ta wanda yake fuskantarka. Ramuka 16 aka huda a cikin dutse, kuma duk wanda aka shiga hayaƙi sai ya cika tarago, ga samari suna ihu da fito kamar an ba su kwangila, wasu sun zuro rabin jikinsu ta taga suna ɗaukar hoto da waya a kan gadojin da mutum ba ya son leƙa ƙarƙashinsu. Wurin zama kaɗan ne, masu so kuma suna da yawa, don haka tikiti yakan ƙare tun da sauran makonni. Sanyin saman kuwa ya fi na Jos a tsakiyar hunturu, kuma yana shigar mutum ne ba sallama, tun yana cikin zufar da ya taso da ita daga ƙasa.

An buɗe layin zuwa Coonoor a 1899, aka ƙarasa shi zuwa Ooty a 1908. Injunan da suka yi suna a kansa wani kamfani ne a garin Winterthur na Suwizalan ya ƙera su tsakanin 1914 da 1952. Da suka tsufa, kayan gyaransu suka yi wuya, mutanen nan ba su ce zamani ya wuce su ba. Ma'aikatar jiragen ƙasa ta Golden Rock da ke Tiruchirappalli ta ɗauki fasalin tsofaffin ta fara ƙera sababbi tun daga 2011, masu ƙona mai maimakon kwal. Bambancin jiya da yau a nan yake. A da sai mutum ya yi ta zuba kwal da shebur tun daga gindin tsauni har sama, ƙarfin tururi yana hawa yana sauka gwargwadon kyan kwal ɗin da ƙarfin damtsen mai zubawa, ga tartsatsi da yake iya kunna daji. Yanzu famfo ake murɗawa, wutar ta tsaya daram. Gudun dai bai ƙaru ba, domin haƙoran layin ne suke yanke shi. Daga Coonoor zuwa Ooty, inda hawan ya yi sauƙi, injin dizal ne yake karɓa, amma a wurin da ya fi wuya har gobe tururi ne yake aiki. A 2005 hukumar UNESCO ta sa layin cikin kayan tarihi na duniya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ma an bar mana irin wannan gado. Ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos har Bukuru, wanda aka gama a 1914 don kwaso kuza, sa'an wannan na Nilgiri ne, kuma shi ma da tururi ya yi ta hawa har aka rufe shi a 1957, bayan babban layin da ya biyo ta Kafanchan ya ƙwace masa kaya. Kwal ɗin Inugu muke ƙonawa, ba sai mun sayo daga waje ba. Muna da direbobi da masu wuta da makanikai waɗanda suka san kukan inji da kunne. Ni a Zariya na tashi, kuma warin mai da zafin ƙarfe da na shaƙa a Hillgrove sai da ya mayar da ni bakin tashar garinmu, lokacin da muke yara muna jiran jirgin Legas, masu rake da masu dafaffen ƙwai suna bin tagogi. Yau yaron da aka haifa a Jos ko Zariya zai girma bai taɓa jin kukan injin tururi ba, kuma da wuya ya san ta inda ƙaramin layin ya bi.

Laifin ba na hukuma kaɗai ba ne, har da halinmu. Mun ɗauka duk abin da aka ce na gwamnati ne ba shi da mai shi, shi ya sa ake kwance ƙarfen layin dogo da dare a kai wa 'yan gwangwan. Muna son bikin buɗe sabon abu, amma kuɗin giris da na man shafawa su ne farkon abin da ake yankewa. Mafi muni, mun mayar da aikin hannu hukuncin yaron da ya kasa karatu, har uba yana yi wa ɗansa barazana da cewa in bai yi ƙoƙari ba za a kai shi gareji. Dattijon nan mai taɓa ƙarfe da bayan hannu, a ƙasarmu da an daɗe da sallamarsa, kuma ba wanda zai zauna kusa da shi ya ɗauki abin da ya sani. Indiya tana da nata matsalolin, cunkoso da ƙazanta da talaucin da ido ba ya son gani, kuma ba na fatan mu kwaso su. Amma a wannan fanni sun riƙe abin da muka saki, alhali tsofaffin ma'aikatan reluwe namu da suka yi zamani da tururi suna nan a Zariya da Kafanchan da Minna, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an rubuta abin da ke kansu ba.

Ga 'yan'uwa da suke zuwa ƙasar nan karatu ko jinya, idan hali ya yi ku je ku gani da idonku, musamman ɗalibanmu masu karatun injiniya. Akwai jirgin dare daga Chennai da yake isa Mettupalayam da asuba, daidai lokacin da na tsaunin yake shirin tashi. Ku yanki tikiti da wuri, ku riƙe rigar sanyi a hannu, kuma ku kauce wa watannin Oktoba zuwa Disamba, domin ruwan sama yakan zaftaro ƙasa da duwatsu a kan layin a dakatar da jirgin kwana da kwanaki. Idan an tsaya a Hillgrove ku bar shayin, ku gangara baya wurin injin.